AMSAR TAKARDUNKU: Wa Ya Ƙago Dabon Kati 21?

Yau takardu biyu za mu haɗa mu amsa a lokaci guda, don kuwa magana ɗaya suka ɗauko, ko da yake masu su ba su san juna ba.

Ta farko ta fito ne daga hannun wani manomi a ƙasar Batsari, wanda ya roƙa a sakaya sunansa. Ya ce ranar kasuwa, bayan ya sayar da buhun masararsa, sai ya tarar da taro a bakin tasha. Wani saurayi ya shimfiɗa buhu a ƙasa, ya jera karta layi uku, yana cewa yana da aljana mai raɗa masa abin da ke zuciyar mutum. Malamin ya ce ya zaɓi kati ɗaya da ido, bai taɓa shi ba, bai gaya wa kowa ba. Sau uku saurayin yana tambayarsa layin da katin yake, daga nan sai ya zaro shi ya miƙa masa. Suka sake, wannan karon da kuɗi a ƙasa, suka kuma sakewa, har rabin kuɗin buhun ya tafi. Ya ce asarar kuɗin ba ta dame shi ba kamar tsoron da ya shige shi, wai ashe akwai mai iya leƙa zuciyar mutum.

Ta biyu kuwa daga wani mai tireda ce a Safana. Shi ɗansa ne ɗan sakandare ya zo hutu da wannan wasa, yana yi wa ƙannensa da daddare. Kakan yaron ya gani, ya ce lalle an koya masa tsafi, ko dai a kai shi a yi masa ruƙiyya ko kuma a cire shi daga makarantar. Shi ne uban yake tambaya, shin mene ne asalin wannan abu, kuma wa ya ƙago shi?

To, malaman nan biyu, ku kwantar da hankalinku. Babu aljana a cikin wannan wasa, babu tsafi, ko saurin hannu ma babu. Lissafi ne tsagwaronsa, kuma an rubuta shi a littafi fiye da shekara 400 da suka wuce. Bari mu fara da yadda ake yinsa, don in an ga cikin tukunya an fi gane tarihin miyar.

Ana ɗaukar kati 21. Wanda ba ya son karta a gidansa sai ya yanka kwalin sukari gida 21, ya rubuta lamba 1 zuwa 21 a kai, duk ɗaya ne. Sai a riƙe su a kife, a riƙa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya a buɗe, ɗaya hagu, ɗaya tsakiya, ɗaya dama, a sake komawa hagu, har su ƙare. Ka ga an sami layi uku ke nan, kowanne da kati 7. Sai mutum ya zaɓi ɗaya a ransa, ya faɗi layin da yake. Mai wasan ya tattara kowane layi ba tare da ya hargitsa jerinsa ba, amma layin da aka nuna masa sai ya sa shi a tsakiyar sauran biyun. Ya sake rabawa, ya sake tambaya, ya sake sa layin a tsakiya. Ya yi haka karo na uku. Daga nan in ya ƙirga daga sama, kati na 11 shi ne wanda aka zaɓa, ko yaushe, ko a hannun wa.

Me ya sa? Ku biyo mu a hankali, kamar mai awon hatsi. Da farko katin yana iya zama kowanne daga cikin 21. Da ka faɗi layi, ka zubar da 14, saura 7. Da aka sa layin a tsakiya, waɗannan 7 ɗin sun zauna a matsayi na 8 zuwa na 14. In aka sake rabawa sai su warwatsu cikin layukan uku, biyu a wani, uku a wani, biyu a wani, kuma duk a tsakiyar layin suke faɗawa, wato tsakanin na 3 da na 5. Da ka faɗi layi karo na biyu, saura uku ko biyu, kuma in an tattara suna tsakanin matsayi na 10 da na 12. A rabo na uku, na 10 da na 11 da na 12 kowanne layinsa daban yake faɗawa, kuma kowanne shi ne na huɗu a layinsa. To, da ka buɗe baki karo na uku, ai ka gama faɗa masa katinka. Kati 7 na layin sama, a ƙara 4, ya zama 11. Saboda haka malamin Batsari, ba a leƙa zuciyarka ba. Kai ne da bakinka ka ba da amsar, kashi uku, ba ka sani ba.

Yanzu sai tarihi. Abu biyu ne suka haɗu suka haifi wannan dabo, ga ita kanta karta, ga kuma lissafin gano abin da mutum ya ƙudurta. Kowanne da hanyar da ya biyo.

Ita karta, masana tarihi da yawa suna kai tushenta ƙasar Sin, inda aka fara yin takarda da ɗab'i. Amma wadda muka sani yau, mai kati 52 da iri huɗu, ta hannun Musulmin Masar ta shiga Turai. A zamanin sarakunan Mamluk, waɗanda suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, ana yin karta mai zanen kofi da tsabar zinariya da takobi da sandar wasan ƙwallon dawaki. A 1939 wani masani mai suna Leo Mayer ya ci karo da kusan cikakken ƙunshin irin wannan karta a gidan tarihi na fadar Topkapi da ke Istanbul, a ƙasar Turkiyya. Manyan katunanta su ne sarki, da na'ibin sarki, da na'ibi na biyu. Kun ji kalmar da muka sani, irin ta na'ibin liman. Har yau mutanen Sifen suna kiran karta "naipes", kuma masana da dama suna ganin daga wannan na'ibi kalmar ta fito. Ya zuwa 1377 karta ta riga ta yaɗu a Italiya, har hukumar birnin Fulorens ta kafa dokar hana wasanta. Ka ga tun ran gini tun ran zane, tun shigarta ake kuka da cacar da ake yi da ita. Zane-zanen ja da baƙi da ke jikin kartar da ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa, mutanen Faransa ne suka fito da su wajen 1480, don sun fi sauƙin bugawa.

Shi kuwa lissafin, mutum na farko da za mu ambata shi ne Luca Pacioli, wani malamin coci kuma malamin lissafi a Italiya. 'Yan kasuwa ya kamata su san sunansa, don littafin da ya buga a birnin Venis a 1494 shi ne ya yaɗa tsarin rubuta shiga da fita a shafi biyu, wanda akantoci ke bi har gobe. Lokacin nan Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano, kuma a shekarun ne Shehu Magili ya ziyarci Kano da Katsina. Wajen shekara ta 1500 Pacioli ya rubuta wani littafin na wasannin lambobi da rufa-ido, wanda ya zauna da rubutun hannu kusan shekara 500, yana ajiye yanzu a ɗakin karatu na jami'ar Bolonya, ba a buga shi cikakke ba sai 1997. A cikinsa akwai yadda za a gano kwabon da mutum ya zaɓa a ransa daga cikin 16. Ana raba su gida biyu, a tambayi mutum ɓangaren da nasa yake, a sake rabawa, har sau huɗu. Rabin 16 shi ne 8, rabin 8 shi ne 4, sai 2, sai 1. Wannan shi ne kakan dabonmu, sai dai shi gida biyu yake rabawa, kuma da kuɗi ake yi.

Da karta ta yawaita sai masu dabo suka ga ta fi kwabo daɗin aiki, tun da kowane kati da kamanninsa. A 1593 wani mai suna Horatio Galasso ya buga ɗan littafi a Venis na dabarun karta waɗanda ƙa'ida da hadda ke tafiyar da su. Amma littafin da ya fi kowanne yaɗa wasan layi uku shi ne na wani Bafaranshe, Claude-Gaspar Bachet, ana furta sunan Bashe. An haife shi a 1581, ya mutu a 1638. A 1612 ya buga littafinsa a birnin Liyon, sunansa in an fassara shi ne matsaloli masu daɗi da ban nishaɗi waɗanda ake yi da lambobi, ya kuma sake fito da shi da ƙari a 1624. A nan ya bayyana yadda ake jera kati layi uku, a yi tambaya sau uku, a riƙa sa layin a tsakiya. Abin lura shi ne bai ɓoye kome ba. Ya kawo wasan, ya kuma kawo hujjarsa, don nufinsa mutane su ji daɗin lissafi. Marubutan da suka biyo baya suka yi ta kwafa daga gare shi, ana juyawa cikin harsuna, har abin ya fita daga littafi ya koma baki da baki, yaro ya koya wa yaro, soja ya koya wa soja, matafiyi ya koya wa mai masaukinsa.

Shekara 200 bayan Bashe, sai wani Bafaranshen, Joseph Gergonne, ana cewa Jargon, ya tono ƙasan maganar gaba ɗaya. Tsohon hafsan sojan igwa ne da ya koma koyar da lissafi, ya kuma kafa mujallar lissafi a 1810. A fitowar mujallar ta 1813 zuwa 1814, wato zamanin da Ummarun Dallaje ke sarautar Katsina, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana da rai, ya yi bayani a kan wasan da kati 27. Me ya sa 27? Don kowace tambaya amsarta ɗaya ce daga cikin uku, kuma 3 sau 3 sau 3 shi ne 27. Wato iyakar abin da tambaya uku za ta iya tantancewa ke nan. Ana iya yi da kati 15, ya fito na 8. Ana iya yi da 21, ya fito na 11. Ana iya yi da 27, ya fito na 14. Amma in katin ya haura 27, tambaya uku ba ta isa, sai an ƙara ta huɗu, ita kuwa tana kaiwa har 81. Kun taɓa jin aljanar da ƙarfinta ya tsaya a 27 cif?

Jargon ya nuna wani abin da ya fi wannan ban mamaki. Da kati 27, ba dole ba ne katin ya fito a tsakiya, ana iya aika shi duk matsayin da mai kallo ya zaɓa. Ga yadda abin yake, ga masu son gwadawa. In an tattara an kife katunan, layin da aka nuna ana iya sa shi a sama, ko a tsakiya, ko a ƙasa. Sama ba ta da lada, tsakiya ninki ɗaya ce, ƙasa ninki biyu. Tattarawar farko nauyinta 1, ta biyu 3, ta uku 9. Jimlar da aka samu ita ce yawan katunan da za su hau kan wanda aka zaɓa. Alal misali, an ce ana so ya fito na 20, ke nan ana bukatar kati 19 a kansa. To 19 ai 1 ne da 18, shi kuwa 18 ninki biyu ne na 9. Sai a sa layin a tsakiya a karon farko, a sama a karo na biyu, a ƙasa a karo na uku. Ƙirga ka gani, na 20 ne. Sharaɗin kawai shi ne katin da ya fara sauka a kowane layi ya zama shi ne a sama in an kife. Saboda wannan bayani ne har yau masana ke kiran wasan da sunan Jargon, ko da yake ba shi ya ƙago shi ba. A 1956 wani Ba'amurke, Martin Gardner, ya ware masa babi guda a littafinsa na dabon lissafi, abin ya ƙara bazuwa a makarantu.

Masu sikeli, waɗannan lambobi 1 da 3 da 9 naku ne. A cikin littafin Bashe akwai tambayar cewa, duwatsun awo nawa ne mafi ƙaranci da za su auna kowane nauyi daga 1 zuwa 40? Amsa ita ce huɗu, na 1 da na 3 da na 9 da na 27, muddin an yarda a sa dutse a kowane ɓangare na sikelin. In kana son kilo 2, ka sa dutsen 3 a gefe guda, ka sa dutsen 1 tare da kayan a ɗaya gefen. In kana son 7, ka sa 9 da 1 a gefe guda, 3 kuma tare da kayan. Ƙirga uku-uku ne ke aiki a sikelin, shi ne kuma ke aiki a tabarmar mai karta.

Kada kuma wani ya ɗauka irin wannan ilmi na Turawa ne su kaɗai, mu baƙinsa ne. Ƙasar Katsina ta haifi nata gwanin. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya yi karatu a Katsina, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa har ya rasu a can a 1741, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake cika hatimi mai gidaje mara, wato 3 sau 3, 5 sau 5, 7 sau 7, har sama. Kowa ya san ƙaramin cikinsu: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Duk ta inda ka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Shi malamin hatimi ya yi wa hidima, ba karta ba, amma jinin abin ɗaya ne, ka bi ƙa'ida taki bayan taki, sakamakon ya fito da kansa ko a hannun almajiri. Shi ma Bashe ya kawo tasa hanyar cika irin wannan hatimi a littafin nasa. Maganar abin da ake nufi da hatimi wajen addu'a, wannan fagen malamai ne. Amma jera lambobin lissafi ne, kuma Bakatsine ya ƙware a kansa har Larabawan Masar suka zauna gabansa ɗaukar karatu.

Sai dai a yi hattara, kada a haɗa wannan wasa da na 'yan wala-wala, masu kati uku a kife suna jujjuyawa, suna cewa nuna ja ka ci. Wancan babu lissafi a cikinsa, saurin hannu ne da yaudara. Mai wasan yana riƙe kati biyu a hannu ɗaya, ya jefa na sama alhali kana tsammanin na ƙasa ya jefa. Waɗanda kake gani suna ci suna tsalle kuwa, yawanci abokan cin mushensa ne, an ajiye su ne don su jawo ka. Na 21 gaskiya ne da aka lulluɓe da ƙarya, na wala-wala kuwa ƙarya ce tun daga tushe. Amma wajen raba mutum da kuɗinsa duk kanwar ja ce, don a duka biyun mai tabarma ya san ƙarshen wasan tun kafin ka zauna. Hukuncin caca kuwa ba sai mun faɗa ba, yana nan a Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90.

To malamin Batsari, in ka sake haɗuwa da saurayin nan, ga gwaji uku, kuma ba sai ka ajiye ko sisi ba. Na ɗaya, ka ce ka zaɓi katinka, amma ba za ka faɗi layi ba, aljanar ta faɗa masa. Na biyu, ka ce kai za ka tattara katunan da hannunka, ka cakuɗa su bayan kowace tambaya. Na uku, ka ce a yi da karta duka, kati 52, tambaya uku kacal. Ko ɗaya ba zai yarda ba, in kuwa ya yarda zai ji kunya a gaban jama'a. Kuɗin masara dai sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Amma ka gaya wa maƙwabtanka yadda abin yake, musamman yanzu da noma ya zama sai da wahala da kasada a yankinku, bai kamata abin da aka sha rana aka samu ya ƙare a bakin tasha ba.

Kai kuma malamin Safana, ka gaishe mana da Baba, ka ba shi haƙuri, tsoronsa na kishin tarbiyyar jikansa ne. Abin da za ka yi shi ne ka sa yaron ya yanka kwali 21, ya rubuta lambobi, ya koya wa Baba da hannunsa. In tsoho ya jera da kansa sau biyu ya ga na 11 yana fitowa, magana ta ƙare. Yaron kuwa a bar shi a makarantarsa, a dai ja masa kunne kada ya kuskura ya karɓi kuɗin kowa da wannan wasa, kada kuma ya ce wa kowa yana da aljanu. Sa'an nan ka ɗora masa wannan aiki kafin hutu ya ƙare: da kati 27, yaya zai tattara don katin ya fito na 6? In ya samo amsa da kansa, to ka san kuɗin makarantar da kake biya ba su faɗi ƙasa banza ba, ya kuma rubuto mana mu karanta a wannan fili.